"IN BA KA DA LAIFI, BA SHI WAYAR MANA": WANNAN MAGANAR TA ISHE NI

'Yan uwa ɗalibai, na Unimaid da na Ramat da sauran makarantun garin nan. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye sai ya fito.

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakinmu. Duk ranar da wani ɗalibi ya shigo guruf yana ƙorafin an tare shi a hanya, an sauke shi daga keke napep, an karɓe wayarsa an shiga hotunansa da WhatsApp ɗinsa, kafin minti biyu sai ka ga wani ya rubuto: "To in ba ka da laifi mene ne abin damuwa? Ba shi ya duba mana. Nan fa Maiduguri ne." Abin da ya fi ci mini rai, masu faɗin hakan ba jami'an tsaro ba ne. Mu ne. Masu digiri, wasu har suna masters tare da ni. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya ci GST ɗin da aka koya masa tsarin mulki, amma ya fito yana koya wa ƙannensa cewa haƙƙi kyauta ce da mai bindiga yake bayarwa in ya ga dama.

To bari mu buɗe dokar, tunda ba a ɓoye take ba.

A watan Satumbar 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da muka gada tun 1943, zamanin Turawa. Sashe na 49 ya ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum ko mota ya bincika. Ba wanda ya musa wannan. Amma ikon yana rataye da sharaɗi: sai yana da zargi mai dalili, misali cewa kana ɗauke da kayan sata, ko makami, ko wani abin da doka ta haramta. Kuma zargi mai dalili ba yana nufin "jikina ya ba ni" ba. Tun 1970, a shari'ar Oteri da Okorodudu, Kotun Ƙolin Najeriya ta nuna cewa ma'aunin shi ne abin da mutum mai hankali, wanda ba fushi ko son zuciya ke jan sa ba, zai gani ya yarda akwai dalili. Wato abu ne da za a iya faɗa da baki, wani ya ji ya auna. An ba da rahoton an ƙwace waya a Tashan Bama, an kwatanta keken da rigar mai ƙwacen, sai ga ka cikin irin keken da irin rigar: wannan dalili ne. Ka hango sintiri ka jefar da ƙunshi a kwata ka zura da gudu: wannan dalili ne. Amma "fuskarka ba ta yi mini ba", wannan ra'ayi ne, kuma ba a binciken ɗan ƙasa da ra'ayi.

Sashe na 50 ya ƙara ɗaure abin. Kafin ya taɓa ka, sai ya tambaye ka game da abin da ya sa ya zarge ka. In ka ba da bayani mai gamsarwa, binciken ya faɗi ke nan. In kuma zai ci gaba, sai ya faɗa maka sunansa, da caji ofis ɗin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa. Kuma sai yana sanye da kaki, ko katin shaidarsa yana rataye inda za a gani. Binciken da ake yi a bainar jama'a bai wuce saman tufafi ba, in kuma sai an cire tufafi, mace ce za ta binciki mace, sannan dokar ta ce a rubuta bayanin binciken a ajiye. Don Allah a cikinmu wa aka taɓa yi wa haka? Wa jami'i ya taɓa ce masa "sunana wane, daga ofis kaza nake, ga abin da nake nema"? Ni dai a duk tsayarwar da aka yi mini tsakanin Mairi da Post Office, gaisuwar da na fi samu ita ce "kai, sauko".

Sai sashe na 54, wanda da ni ne shugaban ɗalibai da na sa an buga shi an manna a ƙofar kowane hostel. Ya lissafa abubuwan da ba za su taɓa zama dalilin zargi ba: launin fatarka, shekarunka, irin askinka ko gyaran gashinka, irin shigarka. Haka nan don an taɓa kama ka da laifin riƙe haramtaccen abu a baya. Haka nan tunanin cewa "irin mutanen nan su ne suka fi aikata laifi". Doka ce ta faɗa, ba ƙungiyar kare haƙƙi ba.

Na san abin da wasu ke rayawa yanzu: ai wannan don 'yan gayu ne, masu dada da tsagaggen wando, irin yaran Legas. Ɗan uwa, sake karantawa. Irin shiga aka ce. Sashen da ya kare mai dada shi ne ya kare ustazu mai gemu da ɗangalallen wando. Shi ne ya kare 'yar uwarka mai niƙabi. Shi ne ya kare yaron da ya zo daga Gwoza ko Bama wanda Hausarsa ba ta nuna ba, Turancinsa kuma yana rawa in ya tsorata. A garin nan ma ai mun ga zamanin da gemu kaɗai ya isa a kwantar da mutum a rana. Wanda ya girma a nan bai buƙatar a tuna masa.

Kuma in ka tsallaka Neja ko Binuwai ka yi kudu, kai ne "irin mutanen nan". A watan Yunin 2014 sojoji sun tare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abiya, aka yi ta yayata an kama 'yan Boko Haram, daga baya aka saki mafi yawansu, 'yan ci-rani ne masu neman abinci. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tsayar da motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa masu komawa gida Kano yin sallah, suka bincika, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Duk mun yi kuka a Facebook, mun sa baƙin hoto. To mene ne asalin abin da ya kashe su? Tsayarwa da bincike da hukunci bisa kama da harshe. Ba zai yiwu ka la'anci wannan tunanin a Edo, ka dawo Maiduguri ka tafa masa don yau ba kai ya faɗa wa ba.

Wannan ya sa har gobe nake jin takaicin yadda muka ɗauki zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Da yawanmu muka ce rigimar 'yan kudu ce, 'yan damfarar intanet ne ke kare kansu. Gwamnonin Arewa ma suka fito ta bakin shugabansu na lokacin, Simon Lalong, suka ce su SARS tana musu amfani. Kowa da ra'ayinsa a kan yadda zanga-zangar ta ƙare. Amma ainihin ƙorafin, wato a tare matashi a titi a buɗe wayarsa ba dalili, namu ne tun kafin ya zama nasu. Mu dai mun saba ne har muka daina jin ciwon.

Maganar waya kuwa, a nan ne nake son mu tsaya sosai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na tarho. Wayarka a yau ita ce akwatin wasiƙarka, ita ce bankinka, ita ce kundin hotunan gidanku. A cikinta akwai hoton matarka ko ƙanwarka ba mayafi, akwai sakamakon asibiti, akwai saƙon da mahaifiyarka ta turo tana faɗa maka abin da ko ɗan uwanka ba ka so ya ji, akwai alat ɗin kuɗin makarantar da kawunka ya turo. Wanda ke cewa "in ba ka da laifi ba shi ya duba", ya miƙo mini tasa wayar a buɗe na riƙe minti goma a gaban 'yan ajinsu. Ba zai bayar ba. Ba don yana da laifi ba, don yana da mutunci. Mu da addininmu ya hana leƙen asirin mutane, ya ce a nemi izini kafin a shiga gidan wani, mu ne kuma za a koya wa darajar sirri?

Ita kanta rundunar ta faɗa. Ranar 4 ga Oktoban 2020 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya gargaɗi jami'ansa kan binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai ba izini, kuma shugabannin da suka biyo bayansa sun sha maimaitawa. A Amurka, ƙasar da a 1968 kotun ƙolinta ta halatta tsayarwa da lalube bisa zargi mai dalili a shari'ar Terry, ita wannan kotun ce a 2014, a shari'ar Riley, alƙalanta tara suka haɗu a kan cewa ko mutum an riga an kama shi, sai da takardar izinin kotu za a shiga wayarsa. Lalube aljihu don neman wuƙa daban, karanta rayuwar mutum daban. Bam ba ya ɓuya a cikin hotuna. Abin da aka fi nema a wayar ɗalibi a bakin titi, ni da kai mun sani, shi ne nawa ne a asusunsa.

Yanzu ga babbar hujjarsu: "Nan fa Maiduguri ne." Ba zan raina wannan hujjar ba, don ni ma a nan nake kwana. Ranar 16 ga Janairun 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a masallaci cikin jami'armu da asuba, muka rasa Farfesa Aliyu Mani na likitan dabbobi. A shekarar aka yi ta kawo hari har sai da aka haƙa rami a bayan makaranta. Akwai 'yan sanda da sojoji da 'yan kato da gora da suka mutu don mu samu mu zauna a aji, wasu sun rungumi mai bam da hannunsu. Wanda ya manta wannan butulu ne. Don haka ba ni da ja a kan a duba jakar kowa a ƙofar makaranta, ko a ƙofar Monday Market, ko a masallacin Juma'a. Wannan bincike ne na kowa da kowa, a wuri sananne, an san abin da ake nema, farfesa da ɗan aji ɗaya duk layi guda. Abin da nake magana a kai shi ne a tsinci mutum ɗaya cikin biyar a keke saboda askinsa ko jakar kwamfutarsa, a ja shi gefe, a ƙare da "kawo na ruwa", alhali mota mai baƙin gilashi ta wuce an sara mata. In don tsaro ne, wa ya fi iya ɗaukar abu mai haɗari, but ɗin jif ko aljihun ɗalibi?

Kuma tarihin garin nan da suke kafa hujja da shi, in ka karanta shi da kyau, ba ya goyon bayansu. Ranar 11 ga Yunin 2009 jami'an Operation Flush suka tare mabiya Muhammad Yusuf a kan babura suna rakiyar gawa zuwa maƙabartar Gwange, rigima ta tashi a kan hular kwano, aka buɗe wuta aka raunata mutum 17. Ba ina wanke ƙungiyar ba ne, Allah Ya kiyaye, aƙidarsu ta riga ta lalace kuma abin da suka yi wa jama'ar nan ba ya da uzuri. Amma duk wanda ya rubuta tarihin rikicin yana ambaton wannan ranar, domin ta ba su abin da suka ɗaga suna tara matasa da shi, kuma kafin ƙarshen Yuli gari ya kama da wuta. Shekarun da suka biyo baya kuwa, na kamen kan mai uwa da wabi, Amnesty International ta fitar da rahoto a 2015 cewa an kama sama da mutum 20,000, fiye da 7,000 suka mutu a tsare. Rundunar soji ta musanta. Amma shiga unguwannin garin nan ka tambayi iyaye mata, za ka samu waɗanda har yau ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Abin da ya kori 'yan ta'adda daga cikin gari a 2013 shi ne lokacin da matasan unguwa, waɗanda suka san wane ne wane, suka fara nuna su da suna. Bayani na haƙiƙa ya yi aikin da shekarun zargin kowa da kowa suka kasa.

Ku tuna Janairun 2020, lokacin da Gwamna Zulum da kansa ya isa shingen Njimtilo ya tarar da ɗaruruwan motoci a tsaye, ya yi faɗa a gaban kyamara yana zargin jami'ai da karɓar naira 1,000 daga matafiyan da ba su da katin ɗan ƙasa. Gwamna ne fa, ba ɗan gwagwarmaya ba. Shingen da ake wucewa da naira 1,000, ɗan ta'adda ya fi kowa iya biya. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Fabrairu, matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga gari suka kwana a Auno, aka zo cikin dare aka kashe aƙalla 30, aka ƙona motocinsu. Ba kowane abin da aka kira matakin tsaro ne yake tsare rai ba, kuma tambayar "mene ne dalili" ba cin amanar ƙasa ba ce.

Wasu kuma suna magana kamar har yanzu muna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Wadda Shugaba Jonathan ya sa wa Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013 ta ƙare tun Nuwamban 2014. Babu wata doka da ta cire Borno daga babi na 4 na tsarin mulki. Da sojoji suka so faɗaɗa shirin nan na tilasta wa kowa nuna katin shaida a hanya zuwa duk ƙasa a 2019, wanda a yankinmu aka fara shi, Femi Falana ya kai ƙara, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce ba su da wannan hurumin. Abin da kotu ta ce bai halatta a yi wa ɗan Legas ba, da wane lissafi ya zama daidai a kan ɗan Bulumkutu?

Kuma ba mu muka fara gwada wannan hanyar ba. Birnin New York ya tsayar da mutane sama da 685,000 a 2011 kaɗai, kusan 9 cikin 10 ba a same su da komai ba, mafi yawansu baƙaƙe da 'yan asalin Latin, har kotu ta ce a 2013 yadda ake yin abin ya saɓa tsarin mulki. Aka rage tsayarwar ƙwarai, laifi bai ƙaru ba. A Landan, irin wannan samamen a unguwar Brixton a 1981 ne ya haifar da tarzoma, daga nan Ingila ta yi dokar 1984 da ta tsara yadda ake bincike, wadda in ka ɗora ta kusa da tamu ta 2020 za ka ga inda muka kwafo.

Inda tamu take da rauni, ba zan ɓoye ba. A Najeriya, ko an same ka da abu ta hanyar binciken da ya saɓa doka, ba lalle kotu ta yi watsi da shi ba. Sashe na 14 da 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun bar wa alƙali ya auna. Wato jami'in da ya karya ƙa'ida bai cika yin asarar komai ba. Sannan Dokar 'Yan Sanda ta 'yan sanda ce, alhali a titunanmu kaki kala-kala ne, wani ma ba kakin sai gora, duk da cewa tsarin mulki ya hau kan kowa. Saboda haka doka ba za ta tashi daga takarda ta kare ka da kanta ba, sai an samu masu neman a yi aiki da ita. In masu ilimin gari su ne ke cewa "ba shi kawai", to wa ya rage?

Kar wani ya ce na tura shi yin musu da mai bindiga. Ƙarfe 9 na dare a hanyar Dalori ba wurin karanto sashe na 54 ba ne. Ka tsaya, hannunka a fili, ka yi sallama, ka nuna katin makaranta. In an nemi waya ka ce cikin ladabi, "Yallaɓai, me ake zargina da shi? In akwai ƙara a kaina mu je ofis." In ka ga ido ya yi ja, ka bayar, ranka ya fi waya. Amma ka riƙe suna ko lambar da ke ƙirjinsa, lambar mota, wuri da lokaci, da wanda ya gani. Kar ka tura kuɗi ta waya sai in ba makawa, in kuma ka tura, ajiye rasit ɗin, don shi ne shaidar da ba ta musuwa. In an tafi da kai, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, ya ce a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kai ka kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Maiduguri akwai. Beli kyauta ne. Ba a kama ƙane a madadin wa. Washegari kuma ka kai ƙorafi: rundunar tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a tun 2015, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana da ofis a garin nan, tsarin mulki kuma ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a fili.

Ƙorafin mutum ɗaya ana iya share shi, shi ya sa nake kira ga shugabannin ɗalibai, na SUG da na ƙungiyoyin jihohi da namu na manyan digiri. Kuna da kuɗin buga kalanda da hotunanku, kuna da kuɗin dina. Ku buɗe rajista guda, ko da fom ne na intanet, duk ɗalibin da aka tare ya rubuta rana, wuri, abin da aka ce masa, abin da aka karɓa. 'Yan tsangayar shari'a su duba su tace. Ƙarshen zango ku ɗauki abin da aka tara, ku nemi zama da Kwamishinan 'Yan Sanda da DPO na yankin, ku ajiye musu a tebur tare da kwafin sashe na 49 zuwa 54. Ni na ɗauki nauyin fassara sassan zuwa Hausa, ina neman wanda zai yi na Kanuri da wanda zai yi na Babur. Mai so ya yi magana a ƙasa.